Baba Ɗantani da Ragunan da Suka Makara

Sana'ar Baba Ɗantani kora ce. Idan fatake suka sayi tumaki da awaki a kasuwar Bichi da ƙananan kasuwannin da ke kewaye da ita, shi suke danƙa wa, ya sako su gaba da ƙafa har cikin birnin Kano, a biya shi ladan kowane kai. Ba shi da jarin saye, bai kuma iya bakin dillalai ba. Abin da ya mallaka a wannan sana'a sanda ce, da burgami na fatar akuya da yake zuba kanwa da ɗan guzurinsa, sai wani tsohon taure mai karyayyen ƙaho da yake sawa a gaba, sauran dabbobin su bi shi.

Mutumin garinmu ne, Zangon Marke, wani ƙauye gaba da Bichi, kuma sa'an mahaifina. Gajere ne, baƙi, yana ɗan jan ƙafar hagu tun kurkunun da ya yi fama da shi yana saurayi. Da aka raba gonar ubansu tsakanin 'yan'uwa maza shida, abin da ya faɗo masa bai isa ya ci da gida har rani ba. Yana cikin wannan lalube matarsa ta rasu, ta bar masa 'ya ɗaya, Tani. Ya miƙa yarinyar ga yayarsa, ya bar wa wansa 'yar gonar, ya kama hanya. Lokacin da na yi wayo an riga an san shi da kora.

Ni sunana Turai. A 1950 aka kawo ni aure Gwammaja, gidan Malam Salihu mai ɗinkin manyan riguna. A lokacin unguwar ba ta cika kamar yanzu ba. Daga bayan gidanmu gonaki ne da kududdufai har jikin ganuwa, in ka ɗaga kai kuma ga Dala. Ranar da za a taho da ni, mahaifiyata ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini wata jar akuya, ta ce tawa ce. Ba a taho da ita birni ba, don an ce Malam a tsakar gida yake shimfiɗa yadin mutane. Aka bar ta wurin ƙanwar mahaifiyata, Inna 'Yardada, bisa yadda ake yi a wajenmu: haihuwa biyu ta mai akuya, ta uku ta mai kiwo, takin kuma ya tafi gonar mijinta.

Wannan jar akuya ita kaɗai na gani da idona. Abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, duk a bakin Baba Ɗantani na san su, don ni ina kulle. In ya kai dabbobin mutane kasuwar 'Yan Awaki ya sallami kansa, sai ya biyo ta gidanmu. Ya yi sallama a soro, Malam ya ture rigar da yake ɗinki ya shimfiɗa masa tabarma, ni kuma in zo in tsaya bayan ƙyaure da ƙwaryar fura.

"Turai, kina ji?"

"Ina ji, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Innarki tana gaishe ki. Jar nan taki ta sake zuba biyu, mace da namiji. Macen ta ɗauko uwar. Namijin wani mai roɗi-roɗi ne, mai kwaɗayi, har ya fara hawa kan rumbu."

Da irin wannan muryar yake faɗin mai daɗi da marar daɗi. Ranar da kura ta tsallaka shinge ta ɗauke mini ɗan akuya, bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya ce kura ta ɗauki ɗaya, an ƙara wa shingen ƙaya, Allah ya mayar da alheri, sannan ya sha furarsa. Ba ni kaɗai yake yi wa haka ba. Matan wajenmu da aka auro birni, daga Dala har Mandawari, kowacce tana da 'yar dabbarta a gida, kuma shi ne mai kai wa da komowa. Ya tafi da gishiri da sabulu da ɗan kallabi na masu kiwo, ya dawo da labari. In mace ta matsu ta ce a sayar mata da taure, shi zai koro shi cikin na fatake, ya tsaya kan dillali har a sallama, ya kawo mata abinta a ƙulle. Ba ya karɓar lada a kan na mata. In an matsa masa ya ce tuwon da yake ci a gidajensu ya isa.

Da ɗan abin da nake samu a kaɗin auduga na ƙara akuya guda, shi ya zaɓo mini ita. Kafin shekara huɗu garken nawa ya haura goma.

Sai idon Malam ya fara ba shi matsala. Da farko yamma ce take yi masa wuya, ya riƙa jawo tabarma bakin ƙofa yana bin haske. Daga baya ya zama ni nake zura masa zare a allura. Wata rana ya gama ɗinkin aska a ƙirjin wata farar riga, mai rigar ya zo ya duba, ya naɗe abarsa ya tafi. Malam ya kira ni ya ce in gaya masa gaskiya, yaya ɗinkin yake. Na ce ya karkace. Bai sake karɓar aikin kowa ba. Wata farar yana ce ta rufe masa ido biyun, yana ganin inuwar mutum amma ba ya gane fuska. Wannan bazarar 1954 ce, ina da yara biyu da ciki na uku.

Zuwan Baba Ɗantani na gaba, ban ma bari ya gama gaisuwa ba.

"Baba, so nake a sayar da awakin nan duka. Ba hatsi a gidan."

Na ji yana karkaɗe ƙurar takalminsa a jikin dandamali.

"Malam," in ji shi, "ka yarda in yi magana?"

"Dukiyarta ce, Baba Ɗantani. Kai kuma ka fi mu sanin kasuwa."

"To. Turai, yanzu kowa sayarwa yake. Rumbu ya kwashe, ana neman iri, ga dabbobi sun rame, ƙashi da fata. Jiya a Bichi na ga akuya mai ciki an ba da ita a kuɗin da bai sayi rabin buhun gero ba. In na kwaso naki duka, za ku ci wata biyu, uku, sannan ba hatsin, ba awakin."

"To yaya za mu yi?"

"Taure biyu za a sayar, a auno muku gero. Bunsurayen kuma in kai su in canzo miki 'yan raguna uku cikin ramammun nan da manoma ke zubarwa. Damina na tafe, ciyawa kyauta ce. Innarki ta ɗaure su a turke, ke kuma ki nemo dusa. Babbar Sallah bana tsakiyar damina za ta zo. Matan kuwa ba za a taɓa ko ɗaya ba."

Na ce ina zan samu dusa, mu da ko namu dakan ya ragu. Ya ce in tambayi maƙwabta. Haka na fara surfen mutane. Gidajen attajiran unguwa su aiko da gero da dawa, in surfa, in bushe, in mayar musu da tsaba, ladana dusar. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya yi kanta. In dusa ta taru, Baba Ɗantani ya roƙi masu jakunan da ke kawo itace birni su koma da taki, su ɗora masa buhun daga ƙauye zuwa ƙauye har ya isa hannun Inna 'Yardada. Ba a taɓa cewa buhu ya ɓata ba.

Duk zuwan da ya yi a watannin nan, labarin ragunan ne. Ɗaya Uda ne, gabansa baƙi bayansa fari. Biyu farare ne 'yan ƙasa, ɗayansu ba ya cin dusa sai an barbaɗa kanwa. Ya ce wuyansu ya fara kauri. Ya ce Udan ya tunkuyi mijin Inna har ya zauna cikin kwatami. Ranar Malam ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Mun riga mun shirya abin da za a yi da kuɗin: hatsi har kaka, kayan haihuwa, sannan a kai Malam asibitin ido da ke bayan gari, inda aka ce ana cire irin wannan yana.

Sallah ta matso, marka ta sauka. Ruwa ba ƙarfi, amma ba ya ɗaukewa. A wayi gari da shi, a yi la'asar da shi. Bangon maƙwabtanmu ya zube. Ta lungunmu ina jin ana wucewa da raguna, yara na binsu, kowanne ya wuce sai in kasa kunne ko zan ji sallamar Baba. Jajibiri ya zo ya wuce. Aka sauko daga idi, aka yi yanka, maƙwabta suka aiko mana da nama, na karɓa na yi godiya na soya wa yara. Shiru.

Washegari wani abokin sana'arsa mai suna Tanko ya zo wucewa, Malam ya tsayar da shi a soro. Tanko ya ce tare suka taso, suka tarar da rafin da ke tsakanin ƙauyukanmu da hanyar birni ya kawo, ya shafe mashigi. Masu fito suka ce za su gwada amma ba su ɗauki alkawari ba. Shi Tanko ya shiga da nasa, ruwa ya tafi da biyu, sauran suka haye, ya riski kasuwa tana ci, ubangidansa ya sayar har da riba mai kyau.

"Shi kuma Baba Ɗantani fa?" in ji Malam.

"Na baro shi gindin tsamiya da raguna. Ya ce sai ruwa ya ja."

Ina bayan ƙyaure ina jin su. Kowa ya san abin da rago yake zama bayan Sallah. Wanda jiya ake rububinsa, yau mahauci zai taya shi a wulaƙance. Na koma ɗaki na zauna ina duban hannuwana. Malam ya lallaɓo da sandarsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Mutumin nan bai taɓa yi mana abu da gangan ba. Mu jira mu ji." Na ce to.

Sai da kwanakin layya suka ƙare sannan ya iso, da hantsi. Ruwa bai ja ba, ya gaji da jira ya bi gaɓar rafin sama har inda gadar hanyar mota take. A damina kuma ba ka ratsa gonar mutane da dabbobi, sai ka bi burtali duk inda ya karkata. Ya fara kai wa Alhaji Baffa nasa, wani falke a Ƙofar Wambai wanda yawancin garken nasa ne, kuma wanda ya shekara goma yana yi wa kora. Alhaji ya duba ya ga ba wanda ya ɓata, bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce masa dai daga yau ya nemi wani ubangidan.

Da ya zo gidanmu Malam ya ce ya shigo da su har tsakar gida, tunda ba sauran yadin da za a shimfiɗa. Ya ce ni ma in fito, Baba Ɗantani uba ne. Na yafa mayafi na fito. Taɓo har cinyarsa, tafin ƙafarsa ya yi fari ya tsattsage don zama cikin ruwa, idonsa ya faɗa. Ragunan kuwa, ban taɓa zaton haka suke ba. Udan ya kusa kai mini ƙugu. Duk tafiyar nan ba su zube ba, don ashe a hanya shi yake yankar musu ciyawa, guzurinsa na gero ma su ya jiƙa wa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Na makara, Turai."

"Baba, Tanko ya ce shi ya haye."

"Ya haye. Ya kuma yi daidai a wurin ubangidansa. Alhaji ma yana da gaskiyarsa, na jawo masa asara." Ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. "Na tsaya bakin ruwan nan na duba. Rago mai ƙiba ba ya jure iyo. Na san wasu za su tafi, ban san na wa ba. In na Alhaji ne, zai ji zafi ya manta kafin wata Sallar. In naki ne, ko na 'yan'uwanki biyu, matan wajenmu, da na haɗo da nasu, ban san da bakin da zan zo soron nan ba. Da nawa ne da na shiga."

Na kawo masa ruwan zafi ya gasa ƙafa, na ɗumama tuwo. Da ya ci ya ce kada a kai ragunan kasuwa. Na ce to me za a yi da su, ga shi sai ci suke. Ya ce a ba shi 'yan kwanaki. Ya kafa turaku uku a kusurwar gida, ya yi musu 'yar rumfa da karan dawa, shi kuma ya kwanta a soro, tunda ba inda zai koro wa kowa komai.

Kwana biyu yana fita yana yawo cikin gari. Ranar da ya dawo da magana, tambaya ya fara yi mini.

"Wace ce ungozomar unguwar nan?"

"Uwa ce, ta bayan masallaci. Ita ta karɓi yarana."

"Ki aika mata ta zo. Na biyo ta Mandawari ɗazu na ji guɗa a gida biyu. Na tsaya na yi tunani, ashe mu duk Sallah muka sa wa ido. Haihuwa kuwa ba ta da wata. Duk gidan da aka haihu, kafin kwana bakwai sai an nemi rago. Waɗanda suka yi kwantai a kasuwa ana ta mayar da su ƙauye, nan da mako ba za a bar komai ba sai ramammu."

Uwa ta zo da yamma, tsohuwa mai yawan magana da cin goro. Ta zagaya ragunan tana taɓa gadon bayansu, ta ce ita dai ba dillaliya ba ce, amma in an tambaye ta za ta faɗi abin da ta gani. Baba Ɗantani kuma ya je ya zauna da wanzaman unguwa, don su ma ba a suna ba da su ba.

Mako guda ya wuce ba wanda ya leƙo. Dusa ta fara ƙarewa, na koma turmi da tsohon cikina. Sai ga wani majemi daga Ƙofar Wambai, hannuwansa duk sun rine da aikin fata. Matarsa ce ta haifi tagwaye, 'yar'uwar Uwa ce ta karɓe su, magana ta bi ta nan ta iso gare shi. Ya je kasuwa ya ga abin da ya rage bai yi masa ba, ga aiki ya taru masa, ba shi da ranar ɓatawa wurin ciniki. Baba Ɗantani ya fito masa da fararen nan biyu ƙofar gida. Ina jin su daga soro. Majemin ya taya, Baba ya ce albarka. Ya ƙara, Baba ya ce albarka, amma in an daidaita shi zai kai su har gida ranar suna da asuba, ya kuma riƙe wa mai yanka. Majemin ya yi dariya ya ce tun da yake bai taɓa sayen rago har da mai riƙewa ba. Ya ƙara kaɗan, Baba ya leƙo ya tambaye ni, na ce a sallama.

Bai kai kuɗin Sallah ba, amma ya yi nesa da abin da mahauta za su bayar, ba kuma la'adar dillali. Udan ya tafi Mandawari bayan 'yan kwanaki, gidan wani mai sayar da turare. Na matan nan biyu ma haka ya bi da su ɗaya bayan ɗaya. Muka auni hatsi. Na haihu lafiya da kaka, mace, aka yanka mata ɗan tauren da Inna 'Yardada ta aiko da shi daga cikin rabonta.

Abin da ya rage Baba Ɗantani bai bari ya kwanta ba. Ya koma Bichi ya sayo wasu 'yan raguna. Daga nan abin ya zama tsari ba tare da mun zauna mun tsara ba. Ƙanana su yi wata uku, huɗu a wurin Inna inda ciyawa da harawa suke da araha, in sun tasa ya koro biyu ko uku birni, in ƙarasa su da dusa da kowar wake, kafin su gama cika Uwa ko wanzamai sun kawo mai saye. Awakina mata suna can suna haihuwa, bunsurayen da suka bayar su ake juyawa su zama raguna. Inna ma ta sa nata a ciki, har ta yi wa ɗakinta sabuwar jinka ta sayi jaki. A unguwa aka daina cewa gidan Malam Salihu mai ɗinki, aka koma cewa gidan ragon suna. Malam bai ji haushi ba. Shi da hannunsa bai saba zama ba, sai ya kama tufka igiyar rama yana lalube, kuma igiyarsa ta fi ta kasuwa kyau nesa, har masu sayen rago suna roƙon a bar musu ita.

Na ce wa Baba Ɗantani wannan karon ba zancen tuwo, sai ya karɓi rabo. Ya ƙi, na nace, Malam ya sa baki. A ƙarshe ya yarda da cewa cikin kowane zuwa za a sa rago ɗaya nasa, in yi masa kiwo tare da nawa. Shi ne karo na farko da ya koro dabbar kansa ta sayarwa a hanyar nan. Da kuɗin ragunan farko ya yi wa Tani kayan ɗaki.

Da rani shi ya riƙe wa Malam sanda har asibitin ido. Aka yi aiki a ido ɗaya. Ranar da aka kwance bandejin, Malam ya ce mutumin da ya fara gani sosai shi ne Baba Ɗantani tsugune a bakin gado, yana gyangyaɗi. Idon bai koma yadda zai yi ɗinkin aska ba, amma ya ga hanya, ya ga 'yarsa da aka haifa yana cikin duhu, ya koma karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe.

Alhaji Baffa bai sake kiran sa ba. Wasu fataken sun ɗan ba shi aiki, amma shekarun nan ne manyan motoci suka fara ɗaukar dabbobi daga Bichi, abin da ake kwana a hanya a kansa ya koma na yini ɗaya. Masu kora suka watse, Tanko ya koma dako a tasha. Baba Ɗantani bai taɓa zagin mota ba. Ya ce dabba tana isowa da ƙibarta, wannan alheri ne ga mai ita. Shi dai ya ci gaba da tafiyarsa da 'yan namu, a hankali, yana tsayawa inda ya ga ciyawa mai kyau. Da ƙafar ta ƙara tsananta, sai ya zama mijin Tani ne ke kawo su, shi kuma ya zauna a soronmu gaba ɗaya. Shi ke ba su ruwa, shi ke duba kofato da haƙori, shi ke ciniki. Yarana suka taso suna kiran sa Kaka, kuma sun girma kafin su gane ba shi ya haifi ubansu ba.

A ƙarshen daminar 1959 tari ya kama shi, ya ƙi sauka. Muka yi na gida, muka yi na asibiti. Wata safiya ya sa aka kira ni, ya ce yana son ya koma Zangon Marke. Na ce ya bari ya ji sauƙi. Ya ce, "Turai, kin ciyar da ni, kin yi mini wanki, ban rasa komai ba a gidan nan. Amma can iyayena suke kwance." Na ce Allah ya ba shi lafiya, na koma ciki na haɗa masa kaya.

Aka aika wa Tani ta zo. Malam ya je tasha ya kama musu wuri a gaban wata babbar mota, kusa da direba, ya kuma ce shi zai raka su. Kafin a fita da shi ya sa aka tsaya da shi a bakin rumfa. Akwai wani farin rago da wani malami a Dala ya riga ya taya. Ya ce mini kada in sallama a kan tayin farko, mutumin zai ƙara. Haka kuwa aka yi.

Da Malam ya dawo ya ba ni labarin tafiyar. Ya ce ashe Baba bai taɓa shiga mota ba sai ranar. Tun daga Ƙofar Ruwa ya manne da taga yana nuna wa Tani wurare: ga rijiyar da yake shayar da dabbobi, ga gidan da wata tsohuwa take ba shi ɗumame, ga inda ya taɓa kwana a kan bishiya saboda kura. Kafin ya gama faɗin ɗaya an wuce biyu. Da suka shiga Bichi rana ba ta ko take ba, ya dubi Malam ya ce, "Ashe kusa ne."

Ya rasu bayan an gama yankan gero, a ɗakin Tani. Da labari ya iso, Malam ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, don mutane suka yi ta zuwa mana gaisuwa kamar mu ne danginsa. Majemin nan ya zo riƙe da hannun tagwayensa. Matan wajenmu na Dala da Mandawari suka nemi izinin mazajensu suka cika mini ɗaki, kowacce da abin da za ta faɗa a kansa, wasu ma ban taɓa jin su ba sai ranar.

Na yi shekaru ina wannan kiwo bayansa, da kiwon na aurar da 'ya'yana. Har yau in na idar da salla ina yi wa iyayena addu'a, da Malam, da Inna 'Yardada, sunansa yana cikin nasu. Allah ya ji ƙan Baba Ɗantani, ya sa ya huta.